Masu Dafa Dutse: Tarihin Haske Marar Zafi da Yadda Ya Iso Zangon Kumasi

Wanda ya fasa farin ƙwan lantarki irin na yanzu, wanda ake kira LED, ya duba cikinsa, zai ga ɗigo-ɗigo masu launin rawaya jere a kan faranti. Wannan rawayar hoda ce da aka gasa a tanderu, aka cuɗa ta da danƙo mai garai-garai, aka shafa a kan wani ɗan ƙanƙanin dutse mai ba da shuɗin haske. In ba don ita ba, da hasken da ke rataye a kan teburin mai shayi a Aboabo, da na masallatan Asawase da shagunan Sabon Zango, duk shuɗi ne mai kashe ido. Sanin yadda ake haɗa irin wannan hoda reshe ne na kimiyyar sinadaran duwatsu da ƙarafa, kuma ya ci wa masu bincike shekara fiye da 400. Tarihinsa da na Zangon Kumasi sun daɗe kowa yana bin hanyarsa kafin su haɗu, kuma birnin Kumasi kansa ya ba da mutum biyu da suka sa hannu a binciken haske da abubuwan da yake fitowa daga cikinsu ko yake ratsawa.

Mafari: abin da ake faɗa da abin da aka rubuta, ƙarni na 10 zuwa 1768

Tun fil'azal ɗan Adam ya san haske abokin wuta ne, sai abu ya ƙone ko ya yi jawur don zafi yake haskakawa. Abin da ya saɓa wa haka, kamar ƙwaron nan mai walƙiya a daren damina ko ruɓaɓɓen itacen da ke ɗan haske a kurmi, akan bar shi cikin abubuwan al'ajabi. A ƙasar Sin ana ba da labarin Sarki Taizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 976 zuwa 997. An ce an kawo masa zanen wata saniya: da rana a gan ta tana kiwo a wajen garke, da dare kuwa a gan ta kwance a ciki. Wai wani malamin fada ne ya warware asirin, ya ce an yi fentin dare da wani abu da aka samo daga ƙumbar teku. An rubuta labarin a ƙarni na 11, amma babu zanen a hannun kowa, don haka yana nan a matsayin ruwaya.

Abin da ya tabbata a rubuce ya faro ne a wajen 1603 a birnin Bolonya na Italiya. Wani mai ɗinkin takalma, Vincenzo Casciarolo, wanda ya ɗamfaru da neman hanyar mai da ƙarfe zinariya, ya tsinto wani dutse mai nauyi a tsaunin Paderno, ya daka shi, ya gasa da gawayi. Zinariya ba ta fito ba. Amma sai ya lura cewa in dutsen ya sha rana aka shigar da shi ɗaki mai duhu, yakan yi ta haske ba wuta ba hayaƙi. Hausawa suka ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Wannan bawan Allah ya dafa shi a zahiri, kuma romon da ya fito bai yi kama da wanda ya nema ba. Labarin ya bazu, har Galileo ya nuna wa masana gutsuren dutsen a birnin Rum a 1611. A 1640 Fortunio Liceti ya rubuta littafi sukutum a kansa, inda ya yi zaton ɗan hasken da ake gani a duhun jinjirin wata irin wannan ne. Galileo ya musa, ya ce hasken rana ne da duniya ke mayar wa wata, kuma shi ya yi daidai.

Abin da ya ɗaure wa mutanen wancan zamani kai shi ne, wani ya gasa dutsen ya samu haske, wani ya gasa ya tashi a tutar babu. Sai a 2012 wani bincike ya tabbatar da dalili: gashin yakan mai da dutsen haɗin bariyom da farar wuta, amma hasken yana fitowa ne daga ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe da ya gauraya a ciki.

A 1669 Hennig Brand na birnin Hambog ya tafasa fitsari mai yawa, shi ma don neman zinariya, ya samu sinadarin fosfaras mai haske a duhu. Nasa hasken daga cin iska yake, wato wani irin ƙuna ne a hankali, kuma an daɗe ana gwama shi da na dutsen Bolonya kafin a bambance su. A 1768 John Canton na Ingila ya gasa ƙumbar teku da farar wuta ya samu hoda mai haske a duhu, abin da ya nuna cewa labarin saniyar Sin yana iya kasancewa da ƙamshin gaskiya.

Fitilar man kaɗe a Kumasi, ɗakunan gwaji a Turai, 1817 zuwa 1896

Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya ziyarci Kumasi a 1817, da Joseph Dupuis a 1820, sun tarar da al'ummar Musulmi zaune kusa da fadar sarkin Asante, Asantehene Osei Bonsu, ƙarƙashin jagorancin malamai irin su Muhammadu al-Gamba. Suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu, suna karantarwa, suna fatauci. Abin da ya ɗaure Asante da ƙasar Hausa shi ne goro. Madugai kan taso da ayari daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa Borgu su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗauki goron kurmin Asante. Karatun dare da lissafin fatake a wancan zamani duk a gaban fitilar kasko ake yin su, man kaɗe ko manja da lagwanin auduga, ko kuwa a zagaye wutar kara kamar yadda almajirai suka saba.

A cikin waɗannan shekaru ne masana a Turai suka fara sanya wa haske marar zafi ƙa'ida. A 1852 George Stokes na Kembirij ya nuna cewa wasu abubuwa kan sha hasken da ido ba ya gani, wanda ke gaba da launin shunayya a bakan gizo, su mayar da shi launin da ido ke gani. Ya kuma gano doka: hasken da ke fitowa kusan kullum ƙarfinsa bai kai na wanda ya shiga ba, don wani ɓangare yakan zama zafi. A kan wannan doka doguwar fitila da farin LED suka tsaya. A 1866 Théodore Sidot na Faransa ya haɗa tutiya da farar wuta ya samu hoda mai koren haske, wadda ta yi shekara fiye da 100 tana aiki a fuskar agogo da talabijin. A 1888 Eilhard Wiedemann na Jamus ya tattara duk ire-iren hasken da ba zafi ne ke haifar da shi ba ƙarƙashin suna guda. Daga bisani Philipp Lenard da abokan aikinsa suka tabbatar da babban sirrin sana'ar: tsantsar sinadari sau da yawa ba ya haske, sai an jefa masa baƙon ƙarfe ɗan kaɗan, kamar gishiri a tukunyar miya, in ya yi kaɗan ba a ji shi ba, in ya yi yawa ya ɓata girkin.

Ita kuwa Kumasi tana fama da yaƙi. A 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka ƙone birnin, Salaga ta fice daga hannun Asante, hanyoyin goro suka karkata zuwa Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake da malamai; a cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi. A Turai kuwa, ranar 8 ga Nuwamban 1895, Wilhelm Röntgen yana gwaji a birnin Wurzburg, ya ga wata takarda da aka shafa wa hodar bariyom da filatinam tana haske a can gefe alhali ya lulluɓe na'urarsa. Ta haka ya gano hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Labarin ya fito a jaridu a farkon Janairun 1896, watan da sojojin Ingila suka sake shiga Kumasi suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya. A shekarar dai Henri Becquerel, yana neman alaƙa tsakanin eksire da gishirin yuraniyom mai haske a duhu, ya yi tuntuɓe da tururin nukiliya. Manyan ƙofofi biyu na kimiyyar ƙarni na 20 hodar haske ce ta buɗe su.

Kafuwar Zango da zuwan lantarki, 1900 zuwa 1942

Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 mulkin Ingila ya zauna a Asante, kuma ƙofar Kumasi ta buɗe wa baƙi daga arewa. Tsofaffin sojojin Hausa na rundunar Turawa, da 'yan goron da suka baro Salaga da Kintampo, da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Zabarmawa da Yarabawa suka yi ta sauka, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci a tsakaninsu, aka kafa sarautar Sarkin Zango. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, ya shigo da kananzir a garwa. Fitilar ƙwai ta shiga gidan mai hali, talaka kuwa ya huda murfin gwangwani ya zura lagwani, aka samu aci-balbal, wadda mutanen Ghana ke kira bobo. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa birnin a 1924, hukuma ta rushe wani sashe na tsohon Zango ta gina Sabon Zango. Lantarki, wanda ya fara a Sekondi a 1914 don aikin jirgin ƙasa, ya iso Kumasi a 1927, amma na ofisoshi ne da tituna da gidajen manya. Yawancin ɗakunan Zango sun ci gaba da shaƙar hayaƙin kananzir shekaru masu yawa bayan haka.

A ƙasashen masana'antu kuwa hodar haske ta zama haja, kuma ta fara cin rayuka. Aka riƙa gauraya hodar tutiya da sinadarin radiyom don fuskar agogo ta kwana tana haske ba sai ta sha rana ba. 'Yan matan da ke fentin agogon a masana'antun Amurka, musamman a garin Orange na jihar New Jersey, an koya musu daidaita bakin burushi da leɓe. Radiyom ya zauna a ƙasusuwansu, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa suka mutu. Ƙarar da biyar daga cikinsu suka shigar, wadda aka sasanta a 1928, ta taimaka wajen kafa dokokin kare lafiyar ma'aikata.

A 1938 kamfanin General Electric ya fito da doguwar fitila kasuwa. Aikinta shi ne dokar Stokes a cikin bututun gilashi: lantarki ya ratsa tururin zaiba, tururin ya ba da hasken da ido ba ya gani, farar hodar da ke jikin gilashin ta sha shi ta mayar da shi fari. Hodar farko tana ɗauke da beriliyom mai lalata huhu. A 1942, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masu bincike na kamfanin GEC a Ingila, Alfred McKeag da Peter Ranby, suka haɗa wata hoda daga kalsiyom da fosfet, aka jefa mata antimoni da manganis. Mai arha ce, ba ta da wancan dafin, kuma ita ta haskaka ofisoshi da asibitocin duniya shekaru da dama.

Jami'a a Kumasi da takardu biyu na 1967

A Janairun 1952 aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi da ɗalibai 200 da aka ɗebo daga Achimota, a filin da Asantehene Prempeh na Biyu ya bayar. A 1961 ta zama jami'a mai ɗauke da sunan Kwame Nkrumah. A Janairun 1966 Nkrumah ya ƙaddamar da madatsar ruwa ta Akosombo, wata guda kafin sojoji su kifar da shi, kuma daga nan lantarki ya fara kutsawa cikin unguwanni sannu a hankali.

Cikin malaman lissafi na sabuwar jami'ar akwai Francis Allotey, wanda aka haifa a Saltpond a 1932. Ya yi karatu a Kwalejin Imperial ta Landan, ya dawo Kumasi ya koyar, sannan ya tafi Princeton a Amurka inda ya kammala digirin dakta a 1966. Matsalar da ya tunkara ta shafi hasken eksire mai rauni da ke fitowa daga ƙarfen litiyom. In aka fizge elektaron ɗaya daga can cikin ƙwayar zarra, yakan bar gurbi. Wani ya faɗo ya cike gurbin, sai ƙarfin da ya rage ya fito a matsayin haske. Amma siffar hasken da aka auna a litiyom ta ƙi dacewa da lissafin da ake da shi. A takardar da ya buga a mujallar Physical Review a 1967, Allotey ya ce kuskuren shi ne an ɗauki gurbin kamar ba ya komai, alhali yana jan sauran elektaron yana karkatar da su, kuma wannan ne ke sauya siffar hasken. A jaridun Ghana ana yawan cewa da dabararsa ake gane abubuwan da ke sararin samaniya; abin da ke cikin takardar dai bayanin hasken da ke fitowa daga ƙarfe ne, kuma wasu masana a Amurka da Faransa sun ci gaba da faɗaɗa wannan fage a shekarun da suka biyo. Ya zama cikakken farfesan lissafi na farko ɗan Ghana a 1974, ya shugabanci Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana, ya taka babbar rawa wajen kafa reshen Ghana na cibiyar lissafi ta AIMS a 2012, ya rasu a 2017.

A 1967 ɗin dai wata takarda ta fito daga ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven a Holand, wadda ita ce asalin ɗigon rawayar da ke cikin fitilun yau. Marubutanta George Blasse da Alfred Bril ne. An haifi Blasse a Amsterdam a 1934, ya karanci kimiyyar sinadarai, ya shiga Philips a 1960, ya kammala digirin dakta a Jami'ar Leiden a 1964 a kan yadda ƙarafa ke zama a cikin duwatsun haɗi. Zamanin na talabijin mai launi ne. A 1964 Albert Levine da Frank Palilla a Amurka sun samo jan launi mai kaifi daga sinadarin yuropiyom, sai kowane kamfani ya faɗa binciken wannan dangi na ƙarafa masu wuyar tacewa. Blasse da Bril suka ɗauki wani dutsen haɗi na itiriyom da alminiyom da iskar oksijin, suka jefa masa seriyom ɗan kaɗan, suka gasa. Hodar ta ba da rawayar haske mai saurin kunnuwa da mutuwa. Abin da suke nema da ita ƙaramin aiki ne: na'urar da ke karanta fim tana mai da shi hoton talabijin.

Gudunmawar Blasse ta wuce hoda ɗaya. Kafin shi sana'ar ta fi kama da gwaji da dace. Shi ya dage wajen bayyana dalili: me ya sa seriyom ke ba da hasken da ido ba ya gani a cikin wani dutse, ya ba da rawaya a cikin wani? Amsar tana ga yadda maƙwabtan ƙwayoyin zarra suka kewaye shi da irin matsin da suke masa. Me ya sa hoda ke dusashewa in baƙon ƙarfen ya yi yawa? Don ƙarfin yakan yi ta tsalle daga ƙwaya zuwa ƙwaya har ya faɗa wani aibi a jikin dutsen ya zama zafi, kuma Blasse ya ba da hanyar lissafa tazarar da hakan ke fara faruwa. Me ya sa wata hodar ke mutuwa in ta yi zafi, wata ta jure? A 1970 ya koma Jami'ar Utrecht a matsayin farfesa, ya yi shekara 26 yana horar da ɗalibai, kuma littafin da ya rubuta tare da Christa Grabmaier a 1994 a kan abubuwa masu ba da haske ya zama abin karatun duk mai shiga fagen. Ya rasu a 2020.

Zaren gilashi da shuɗin haske, 1974 zuwa 1996

A farkon shekarun 1970 masu binciken Philips suka nuna cewa ba sai an cika duk launukan bakan gizo ba kafin ido ya ga fari mai kyau. Ja da kore da shuɗi masu kaifi sun wadatar. Yuropiyom ya ba da ja da shuɗi, tabiyom ya ba da kore. Waɗannan hodoji sun jure zafi da matsi a siririn bututu, don haka aka iya lanƙwasa doguwar fitila ta zama ƙwai. Philips ya fito da irin wannan ƙwan mai tsimin wuta a 1980.

Mutum na biyu da Kumasi ta bayar shi ne Thomas Mensah, wanda aka haifa a birnin a 1950. Ya karanci injiniyancin sinadarai a jami'ar Kumasi, ya samu tallafin gwamnatin Faransa ya yi dakta a Montpellier a 1978, ya shiga kamfanin gilashi na Corning a Amurka a 1983. Sau da yawa akan ji ana cewa shi ya ƙirƙiro zaren gilashin da ke ɗaukar saƙon intanet. Abin da aka rubuta shi ne, Charles Kao ne ya nuna yiwuwar abin a 1966, kuma Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz suka yi zaren farko mai tsabtar da ake buƙata a 1970. Aikin Mensah yana ga ƙera shi da yawa kuma da arha. Ana jan zaren ne daga narkakken gilashi ana lulluɓe shi da roba nan take, amma in aka ƙara gudu sai kumfar iska ta maƙale a cikin robar ta ɓata zaren. Shi da abokan aikinsa suka samo dabarar kore iskar da wata iskar mai narkewa cikin robar, suka kuma yi mata rajista. An ruwaito cewa gudun jan zaren ya tashi daga kimanin mita 2 zuwa mita 20 a daƙiƙa. Ya koma ɗakunan binciken Bell a 1986, kuma ya rasu a Kumasi a 2024. A nan ma hodar haske ba ta yi nisa ba: a 1987 aka gano cewa in aka sa sinadarin abiyom cikin guntun zare, yakan ƙara wa saƙon ƙarfi, kuma da irin wannan wayoyin ƙarƙashin teku ke aiki, har da SAT-3 da ta fara aiki a 2002 ta haɗa Accra da Turai.

Fitilar LED kuwa tsohuwa ce. Henry Round ya ga ɗan haske daga wani dutse da aka ratsa da lantarki a 1907, Oleg Losev na Rasha ya bincike shi a shekarun 1920 kafin yunwar ƙawanyar Leningrad ta kashe shi a 1942, kuma Nick Holonyak ya yi jar LED a 1962. Shuɗi ne ya gagara kusan shekara 30. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya suka nace wa haɗin galiyom da naitirojin, wanda yawancin manyan kamfanoni suka watsar, har suka warware manyan matsalolinsa biyu a 1986 da 1989. Shuji Nakamura, ma'aikacin wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia a tsibirin Shikoku na Japan, ya kai ga shuɗin LED mai ƙarfi a 1993. Sana'ar Nichia ta asali ita ce yin hodar haske don talabijin da doguwar fitila, saboda haka mutanensa sun san abin da ke cikin tsofaffin takardu. Shuɗi in ya gauraya da rawaya ido yakan ga fari. Ana buƙatar hodar da za ta sha shuɗi ta ba da rawaya, ta kuma jure zafi. Hodar Blasse da Bril ta cika sharuɗɗan duka. Farin LED ya fito kasuwa a 1996, shekara 29 bayan takardarsu. Mutanen Japan ɗin uku suka karɓi kyautar Nobel a 2014.

Daga rabon ƙwai kyauta zuwa dumso, 2007 zuwa yau

Ƙarancin ruwa ne ya shigo da sabuwar hodar haske ɗakunan Zango da yawa. A 2006 da 2007 ruwan Akosombo ya ja baya ƙwarai, aka shiga rabon wuta. Tsohon ƙwan mai zaren waya yana mai da fiye da kashi 90 cikin 100 na lantarkinsa zafi ne kawai. Gwamnatin John Kufuor ta shigo da ƙwai masu tsimin wuta miliyan 6 a 2007 ta raba kyauta, ana karɓar tsofaffin, abin da ya rage buƙatar lantarki ta lokacin cunkoso da megawat 124. A 2008 aka yi dokar hana shigo da tsohon ƙwan da sayar da shi. Sai kuma matsalar ɗauke wuta da aka yi wa laƙabi da dumso, wadda ta taso a 2012 ta yi ƙamari a 2015. Ita ta cika shagunan Adum da Kejetia da tociloli da fitilun caji da masu aiki da hasken rana, kusan dukkansu LED daga Sin. Hasken da tsohon ƙwai ke bayarwa da wat 60, mai tsimi yana ba da shi da kimanin 15, LED kuwa da 9 ko ƙasa. Bambancin nan shi ya sa ƙaramin batir ke iya kwana yana haskaka makarantar dare, shi ya kuma yi wa bobo ritaya a yawancin gidaje.

Kowane zamani ya bar shararsa. Ƙwai masu tsimi da dogayen fitilu suna ɗauke da zaiba, kuma masu sana'ar gwangwan a wurare irin su Dagomba Line su ke fasa su da hannu. Ghana ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2017, kuma ƙasashen da ke cikinta sun tsai da shawarar daina ƙera irin waɗannan fitilu zuwa 2027.

A duk tsawon wannan tarihi Zango mai saye ne: ya sayi kananzir, ya sayi doguwar fitila, ya sayi LED. Abin lura shi ne kayan haɗin suna ƙarƙashin ƙasar Ghana. Alminiyom ɗin da ke cikin rawayar hoda daga jan dutsen boksait ake samun sa, haka ma galiyom na shuɗin LED, wanda akan tsamo yayin tace boksait ɗin, kuma yau Sin ce ke samar da mafi yawansa a duniya. Ana haƙar boksait a Awaso tun shekarun 1940 ana fitar da shi ɗanye, akwai kuma tarinsa a Nyinahin cikin yankin Ashanti, amma masana'antar narka alminiyom ta Tema, wadda ta fara aiki a 1967, da tacaccen garin da aka shigo da shi daga waje take aiki, don ƙasar ba ta da matata. Litiyom ɗin da Allotey ya yi lissafi a kansa an gano shi a Ewoyaa, kusa da garinsu Saltpond. A 2018 majalisa ta kafa hukumar GIADEC don haɗa haƙar boksait da tacewa da narkawa a cikin gida.

Tarihin ya nuna cewa dutse shi ne mafi arha a wannan sana'a. Tsadar tana ga tanderun da ke wuce digiri 1,500, da na'urar auna launin haske, da sinadarai masu tsabta, da mai binciken da za a biya shi shekara goma yana tambayar dalili ba tare da an matsa masa ya kawo haja gobe ba. Kumasi tana da sashen injiniyancin kayan ƙira da na kimiyyar sinadarai a jami'arta, tana da dubban maƙera da makanikai a Suame Magazine, inda jami'ar ta buɗe cibiyar koyar da fasaha tun 1980. Mensah a Corning ya yi aikinsa, Allotey a Princeton ya yi lissafin da ya fito da sunansa, domin a can kayan aikin suke. Ko matata za ta tashi, ko za a tsamo galiyom daga boksait ɗin Nyinahin, ko 'ya'yan Aboabo da Asawase za su kasance cikin masu sarrafa shi, duk ya rataya ne ga kuɗin da Ghana za ta yarda ta zuba a ɗakunan gwaji, da yawan yaran Zango da za su kai ajin kimiyya a babbar sakandare su kuma zarce.